Murya a Cikin Langa

Ina tsakar gida ina ƙulla zoɓo a leda yayan maigidana ya yi sallama. Bayan la'asar ne, cikin bazara, rana ta fara sanyi amma bango bai huce ba. Da ma yakan leƙo mu haka kawai, ya ɗauki yarinyarmu ya cilla ta sama, ya sha ruwa ya wuce. Ran nan bai shigo shi kaɗai ba. Matarsa tana biye da shi, da wata dattijuwa maƙwabciyarmu, kuma yarinyar ta miƙa masa hannu amma bai ko dube ta ba. Ya tsaya daga bakin rijiya ya ce Malam ya ɗan gamu da tsautsayi a hanyar Katagum, an kai shi asibiti. Na ce to. Na ci gaba da ƙulla ledar da ke hannuna. Dattijuwar ce ta zo ta karɓe ta, ta kama kafaɗata ta zaunar da ni a kan tabarma. A nan na gane babu wani asibiti.

Malam nake ce masa tun ranar da aka kawo ni, ban taɓa kama sunansa ba. Aikinsa buga takardu a ofis. Da ya ga keken buga rubutu ya fara tsufa a idon mutane, sai ya je Kano ya sayo kwamfuta ta hannu, irin manyan nan masu akwati daban da allo daban. Ya ajiye ta a kan tebur a falo, ni kuma na saƙa mata mayafi na zare. Da yamma ɗaliban kwaleji suna kawo masa aiki ya buga musu. Ni ba na taɓa ta sai dai in goge.

Akwai wani aiki da yake yi da ita wanda ba na kowa ba ne sai nasa. Mahaifinsa, wanda duk muke ce wa Baba, yana zaune a Katagum, ya tsufa ƙwarai, kuma mutum ne mai labari. Duk ƙarshen mako Malam yakan hau babur ya tafi da ƙaramar rikoda, ya zaunar da Baba ya yi ta tambayarsa yadda aka yi zaman da: kogi, da kamun kifi, da shekarun da ruwa ya ci gari, da yadda ake zuwa Azare a ƙafa. In ya dawo sai ya haɗa rikodar da kwamfuta da wata siririyar waya, ya juye maganar a ciki. Kaset ɗin nasa ba su da yawa. Wanda ya juye, shi zai sake ɗauka mako na gaba ya naɗi sabuwar hira a kai. Na taɓa ce masa ya riƙa barin na da. Ya yi dariya ya ce kaset yana cin zare, kwamfuta kuwa ba ta mantuwa.

Wata rana da hantsi, ba a daɗe da yaye yarinyar ba, na fito daga kicin na same shi ya ɗora ta a cinya, ya kara mata makirfo a baki. Yana ce mata ta ce Abba, ita kuma tana son cinye makirfon. Ya yi mata wata waƙa da ya ƙirƙira a take, marar kai marar gindi, a kan kazar maƙwabta da take tsoro. Ya daɗe yana yi. Ya ce zai ajiye mata, ranar aurenta ya kunna a gaban mijin don ya san irin matsoraciyar da ya ɗauka. Na ce Allah ya kai mu, na koma wajen girkina.

Ranar da ya tafi bai dawo ba, ya bar kwamfutar a kunne tana wani aiki, ya ce kada in kashe. Da gida ya cika da mata, aka buƙaci falon. Ban san wanda ya zare wayarta daga bango ba, ban kuma san waɗanda suka ɗauke ta suka kai ɗakin ajiya kusa da buhunan gero ba. A kwanakin nan ko sunana aka kira sai an maimaita.

Na shiga takaba a ɗakina. Goggo, ƙanwar mahaifina, ta taho daga Shira ta zauna da ni. Mace ce mai tsare al'ada. Na ji malamai suna cewa in da lalura mai takaba tana iya fita da rana, amma a wurin Goggo ko zaure ban isa in taka ba. Ban yi mata musu ba, don ba ni da inda nake son zuwa. Na ci gaba da zoɓona da ƙanƙara, ana zuwa har gida ana saye, hannuna dai ya samu abin yi.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado. Kwamfutar ta faɗa a kason Baba. Da aka gaya masa sai ya ce me zai yi da talabijin ɗin da ba ta kawo labarai, a bai wa Auta. Auta shi ne ƙanin Malam na ƙarshe, yana karatu a kwaleji a nan Azare, yana kwana a shagon ƙofar gidanmu. Na ji daɗin haka, tunda ba za ta bar gidan ba. A raina ina cewa in na fita takaba, in zuciyata ta ɗan yi ƙarfi, zan sa ya kunna min waƙar kazar nan. Yarinyar ba ta kai ta riƙe kamannin uba ba. Hoto muna da shi a bango. Murya ce nake so ta samu.

Damina ta sauka. Wata rana Auta ya shigo karɓar abincin rana, ya tsaya daga bakin ƙofa muna gaisawa. Da can akwai wasa tsakaninmu irin na matar wa da ƙanin miji, amma tun rasuwar duk mun ajiye shi.

"Anti, kwamfutar nan fa ta ƙi tashi," in ji shi. "Na yi ta kunnawa, baƙin allo kawai take nunawa da wani ɗan rubutu. Na kai wa Injiniya mai gyara. Ya ce gobe zai yi mata fomatin, ta dawo sabuwa fil."

"Mene ne fomatin?"

"Wanke ta zai yi. Haka ake yi wa kowace in ta rikice."

"Wanke ta da me?"

Ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa tun bazara. "Ba da omo ba, Anti. Share duk abin da ke ciki zai yi, ya zuba sabon tsari."

Na ajiye kwanon da ke hannuna. Na tambaye shi ko duk abin da ke ciki yana nufin har da abin da Malam ya ajiye. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa. Shi takardun ɗalibai kawai ya tuna, waɗanda masu su sun riga sun karɓa.

Goggo tana gefe tana tsince shinkafa, ashe tana ji. Ba ta san kwamfuta ba, amma ta san fuskata. Ta karkaɗe zaninta ta ɗauki mayafi.

"Kai, wuce mu je. Ina ne wurin mai wankin?"

Injiniya ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayensa daga kudu suka zo kasuwanci, a Azare aka haife shi, Hausarsa kuwa ta garin nan ce. Yana da shago kusa da tasha, shi yake duba wa Malam kwamfutar tun da, kuma ya zo gaisuwa ya zauna tare da maza a ƙofar gida. Auta ya ba ni labarin yadda Goggo ta shiga shagon, ta tambayi wacce ce tamu a cikin tarkacen, ta je ta zauna a kan akwatin. Injiniya ya ce, "Mama, ga kujera." Ta ce nan ma ya ishe ta. Ba ta tashi ba sai da aka kira ɗan acaɓa aka ɗora akwatin aka dawo da shi gida.

Washegari da hantsi Injiniya ya zo da jakar kayan aikinsa. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Yayan Malam ya zo ya zauna tare da shi, kamar yadda ya kamata. Ni kuma na tsaya daga cikin gida, a bayan labulen ƙofar zauren, inda zan ji ba za a gan ni ba. Muka gaisa, ya sake yi min gaisuwar rashi.

"Madam, ki yi haƙuri," ya ce. "Da an gaya min akwai ajiya a ciki da ban ambaci fomatin ba. Mutanen garin nan in sun kawo min, abu ɗaya suke cewa, Injiniya, ta tashi kawai. Ni kuma sai in tashe ta."

Aka yi sa'a akwai wuta. Na ji ya kwance murfin akwatin, ya hure, yayan Malam ya yi atishawa. Na ji ya ce ɓera ya yi ɗaki a ciki amma bai ci waya ba. Sannan ya kunna. Fanka ta ɗauka. Bayan ita sai wani ɗan sauti, ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar ana ƙyasta ashana mai sanyi. Nan take ya kashe.

"Auta, sau nawa ka kunna ta tana wannan kukan?"

"Da ɗan dama."

"Allah ya shirye ka. Kada wanda ya sake kunna ta."

Ya yi mana bayani a hankali, yana ɗaga murya don in ji. Ya ce a cikin akwatin akwai wani ƙarfe da ake ce wa hatdis, shi ne rumbun kwamfutar, duk abin da aka ajiye yana cikinsa. Sauran kayan lafiyarsu ƙalau, in an sa wani rumbun kwamfuta za ta tashi yau ɗin nan. Amma wannan ya ji ciwo, wataƙila tun ranar da aka fizge wayar yana tsakiyar aiki, kuma kowace kunnawa tana rage masa sauran ƙarfin da yake da shi. Ya ciro shi ya miƙo wa Goggo, ita kuma ta miƙo min ta bayan labule. Bai fi sandar sabulun wanki faɗi ba, sai dai nauyi. Na riƙe shi da hannu biyu.

"Akwai dabara guda," in ji Injiniya. "Ba kullum take ci ba. Madam, ba ke ce mai ƙanƙara ba?"

Na ce ni ce.

"To a firizarki zai kwana."

Yayan Malam ya ce, "Injiniya, gidan makoki ne fa."

"Wallahi Alhaji ba wasa nake ba. In ya yi sanyi sosai, abin da ya cije a ciki yakan saki na ɗan lokaci. Sai in haɗa shi da kwamfutar shagona in kwashe abin da na samu kafin ya ɗumama. Zai iya ba ni lokaci mai tsawo, zai iya ba ni kaɗan, zai iya ƙi gaba ɗaya. Shi ya sa nake so in sani tun yanzu. Madam, me kike so in fara kwashewa?"

Amsar tana bakina. Amma yayan mijina yana zaune a wurin, ga baƙon namiji, ga Goggo a gefena. Yarinyar nan 'yar fari ce. A gidanmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban manya, balle ta tsaya a gaban yayan miji ta ce tana son jin mijinta yana yi wa 'yarta waƙa. Haka na tashi na gani, haka uwata ta yi da yayana har ta rasu. Ban ji kamar ana danne ni ba. Bakina ne kawai bai san hanyar da zai bi ya faɗa ba.

Na ce, "Muryoyin da ke ciki."

"Muryoyi. To, an gama."

Ya naɗe ƙarfen a leda, ya sake naɗewa a wata, ya matse iskar ya ɗaure, ya ce kada ruwa ko ɗigo ya shiga. Na ɗauko wata ƙaramar langa mai murfi daga cikin kayan aurena na sa shi a ciki. Goggo ta biyo ni har gaban firiza tana mita.

"Yanzu a cikin abin da mutane za su sha za ki tura wannan? In ya fashe fa?"

"Ba ya fashewa, Goggo."

"Ke kika ƙera shi? Jiya an ce za a wanke shi, yau an ce a daskarar da shi. Gobe sai a ce a soya."

Duk da haka ita ce ta gyara ledojin zoɓon ta yi wa langar wuri a can ƙasa inda ya fi sanyi. Da yamma aka ɗauke wuta. Na hana kowa buɗe firizar, masu sayen ƙanƙara suka yi ta sallama ana ba su haƙuri. Da aka tashi da safe na taɓa murfin langar, sai da ya kama min yatsa.

A shagon za a yi aikin, saboda can ne akwai janareto. Auta yana da jarrabawa a ranar. Goggo ta ce ita za ta kai. Na sa langar a cikin kula, na kewaye ta da ƙanƙara. Na raka ta har bakin labule. A nan ma na so in faɗa mata, mu biyu ne kawai. Amma ƙanwar ubana ce. Na ce, "Goggo, muryoyin fa." Ta ce ta ji, ai ba kurma ba ce. Ta rungume kular a ƙirji ta fita, ina jin ta tana gargaɗin ɗan acaɓa ya bi a hankali, ba gero ya ɗauko ba.

Na share tsakar gida. Na yi wa yarinya wanka. Na sake share inda na riga na share.

Kafin azahar Goggo ta dawo, fuskarta a sake. Ta zauna ta sha ruwa, sannan ta kwance bakin mayafinta ta ciro faya-fayan sidi a cikin takarda ta ajiye a gabana.

"An dace," ta ce. "Yana haɗawa ya tashi, yaron nan har da tafi. Sai ya ce min, Mama, wurin murya biyu ne. Ɗaya an rubuta Baba, ɗaya sunan wannan." Ta nuna yarinyar da haɓa. "Wai da wanne zai fara. Na ce wannan ma tambaya ce? A ina aka taɓa barin babba a fara da yaro? Ya ce na Baba yana da yawa, zai ɗau lokaci. Na ce ko shekara zai ɗauka. To ya kwashe shi tas, ko ɗaya bai bari ba. Yana juyawa kan na yarinyar sai abin ya fara ƙyas-ƙyas ɗin nan. Ya ce a sake sa shi a sanyi a gwada gobe."

Na ce an gode Allah. Na ce sannu da ƙoƙari, Goggo. Na ɗauki langar na mayar firiza, na daɗe a tsaye a wurin da murfin a hannuna.

Washegari aka sake kaiwa. Wannan karon na kira Auta gefe na ce masa ɗayan wurin nake so, ya ce ya gane. Amma rumbun bai ƙara tashi ba. Aka sake gwadawa bayan kwana biyu, shiru. Injiniya ya zo da kansa ya tsaya a zaure.

"Madam, iyakar abin da na iya ke nan. Kada ki yar da shi. Akwai masu buɗe shi a Kano, suna da kayan aikin da ba ni da su. Abin yana nan a ciki, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa. Ki ajiye shi inda ba laima, kada ya faɗi."

Ya sa wa Auta wani rumbun a akwatin. Kwamfutar ta tashi a ranar, da ita ya gama karatunsa. Na roƙi a bar min tsohon, Baba ya aiko cewa ko akwatin nake so a ba ni.

Ban taɓa gaya wa Goggo abin da ke ɗaya wurin ba. Ta yi abin da ta san daidai ne, kuma da ni aka aika gidan wani da irin wannan saƙo, abin da zan yi ke nan. Ta koma Shira bayan na fita takaba, tana ba mutane labarin yadda ta zauna a kan kwamfuta ta hana a wanke ta.

Faya-fayan sun daɗe a cikin akwatina. Sai bayan kaka, wata ranar da yarinya ta yi barcin rana, na aro rediyo mai cin sidi daga maƙwabta na sa na farko. Muryar Baba ce ta fito, a hankali, da tarinsa, yana bayanin yadda ake gane kogi zai kawo ruwa tun kafin ya kawo. Ina jin kaji a bayansa da wata mata tana daka. Na zauna ina saurare, raina babu daɗi babu ɓaci. Da Baba ya kai aya, sai wata murya kusa da rikodar ta ce, "Sai me ya faru, Baba?"

Ban yi tunanin wannan ba ko sau ɗaya. Duk tsawon lokacin nan ina ɗaukar wurin Baba na Baba ne. Na manta cewa akwai mai tambaya.

Ba ya magana mai tsawo. Na'am Baba. Ikon Allah. A wace shekara ke nan? Tsaya in juya kaset. Wani wuri Baba ya ba da labarin wani mutum da kifi ya ja shi cikin ruwa da wandonsa, Malam ya yi dariyar nan tasa da take ƙarewa da tari. A wani faifan, kafin su fara, Baba ya tambaye shi mutanen gida. Ya ce lafiya lau, mutuniyar taka ta fara tafiya, sai dai kaza ta gani ta zauna. Na mayar da wurin baya na sake ji. Na saurari faya-fayan duka a cikin kwanakin da suka biyo, na san inda yake a kowanne.

Auta ya kai wa Baba nasa Katagum. Ya ce da aka kunna, tsohon ya kasa kunne yana gyaɗa kai yana gaskata kansa. Da muryar ta ce sai me ya faru, Baba bai jira na cikin rediyon ba, ya buɗe baki ya ba da amsa. Sai da ya yi nisa sannan ya tsaya, ya ce a kashe. Bayan kwana biyu ya ce a sake kunnawa. Bai kai damina ta gaba ba shi ma. Bayan rasuwarsa 'ya'ya da jikoki kowa ya sa aka juya masa, har na Gololo da na Zadawa. Duk wanda ya karɓa sai ya ce Allah ya yi wa Goggo albarka, ni ma ina cewa amin, kuma har zuciyata nake faɗa.

Yarinyar ta tashi da waɗannan faya-fayan. Tana ƙarama, in an tambaye ta me Abbanta yake cewa, sai ta ce, tsaya in juya kaset. Ta san dariyarsa. Ta san yadda yake rage murya in yana magana da babba. Yadda yake magana da ita ne ba ta sani ba. Da ta yi hankali na ba ta labarin hantsin nan da makirfo. Ta ce in rera mata waƙar. Na gwada, na tarar baiti ɗaya kawai na riƙe, shi ma ban tabbata haka yake ba, domin a ranar hankalina yana kan tukunya.

Na je Kano sau da dama tun daga lokacin, biki da dubiya da sayayya. Sau ɗaya har na sa langar a jaka, na kai tasha, na dawo da ita na ce sai wani zuwan. Injiniya in mun haɗu a hanya yakan tambaya, in ce tana nan. Ya ce shekaru ba sa yi wa irin wannan ƙarfe kirki. Na san haka. Amma muddin yana cikin langa, maganar da ya faɗa a zaure ita ce ta ƙarshe, cewa abin yana nan a ciki. In na kai, wani zai faɗi wata.

Bana an kawo gaisuwar yarinyar, an sa rana bayan babbar salla. Kwanan baya ina fito da kayan aurena don in zaɓar mata abin da zan ba ta, ta ga langar a ƙasan akwati ta ɗaga murfin. Ledar Injiniya tana nan yadda ya ɗaure ta. Ta dube ni, ta mayar da murfin a hankali. Har yau ban kai ƙarfen Kano ba.